Tambayar Inna Delu

Inna Delu na tsince tattasai a tabarma ɗanta Tahiru ya shigo ya durƙusa, ya ce kogin Komadugu ya cika cikin kwana biyu, ruwa ya zagaye gonarsu, injin ban-ruwa na can tsakiya. Ya ce gara a bari sai jibi, in an samu kwale-kwale.

Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ruwan jiranka zai yi? Ko injin ne zai tako da ƙafarsa? To ni zan tafi?"

A gidan nan kowa ya san tambayar Inna Delu ba ta son amsa. Ita ba ta cewa yi, ba ta cewa bari, tambaya take jefa wa mutum, shi ya san inda zai kai ta. Nabila matar Tahiru tun tana amarya ta koyi wannan. Inna ta ɗanɗana miyarta ta ce ko gishiri ya ƙare ne a Diffa, yarinya ta ce a'a, akwai a kantin babanta. Kwana bakwai ba a amsa gaisuwarta ba. Shekara tara ke nan, kuma Inna ba ta manta ba, don ita ba ta mantuwa da wanda ya taɓa mayar mata da magana.

Tahiru ya tashi ya ɗauki manyan gorunan da ake ɗaurawa a ƙetare ruwa, ya biya wa maƙwabcinsu Kalli, suka tafi. Nabila ta bi shi har zaure, ta dawo ciki.

Azahar ta wuce. La'asar ta yi. Inna ta tambayi tukunya ko sai gobe za ta tafasa, ta tambayi awaki ko gidan ubansu ne. Tattasan da ta tsince da safe ta sake tsince shi.

Rana ta yi sanyi sai ga Kalli shi kaɗai, wando jiƙe, laka har gwiwa. Mata biyu na maƙwabta suka biyo shi. Ya zauna bakin zaure.

"Yaron nan yana baya?" in ji Inna.

Kalli ya sunkuyar da kai. Matan ma haka. Shirun da ta saba gani ne, wanda ita da kanta ta koya musu, yau kuma ta kasa gane ko na ladabi ne ko na wani abu. Ta sake tambaya ko ya tsaya ɗaure injin. Shiru.

Tahiru ɗan farinta ne, shekara talatin da huɗu ba ta taɓa kama sunansa a gaban mutane ba. Ta miƙe, tattasai ya zube daga zanenta.

"Kalli, wannan ka amsa mini. Ina Tahiru?"

Sai a nan ya buɗe baki. Ya ce sun ɗauko injin lafiya, a dawowa igiyar gora ta kwance inda ruwa ke juyawa. Shi ya kama reshen bishiya. Gora ɗaya ya fito can ƙasa, babu Tahiru. Ya ce masunta sun shiga da kwale-kwale biyu suna dubawa, ba a fid da rai ba tukuna.

Inna ta juya tana neman wanda za ta sauke a kansa. Ta fara cewa wane mai hankali ne zai shiga ruwa irin wannan da gora, sai idonta ya faɗa kan Nabila tsaye bakin madafi, ludayi a hannu, ba ta kuka.

"Wa ya tura shi, Inna?" in ji Nabila.

Matan suka dubi ƙasa. Kowa ya ji irin tambayar, ba ta neman amsa, kuma a gidan aka koye ta.

Inna Delu ta dubi Nabila.

"Ni," ta ce.

Ta jawo mayafinta daga igiya, ta taka tattasan ta wuce, ta ce wa Kalli ya tashi ya nuna mata wurin.