Safiyar da Akori-kura Ba Ta Je Ba

"Ba a ajiye gawa, Malama. Da an gama wanka sai maƙabarta."

Maikuɗi ne ya faɗa mini haka a bakin zaurensu, idonsa jajur. Mahaifinsa, maƙwabcina Malam Giɗaɗo, ya cika gab da kiran assalatu, har an tura masu haƙa kabari.

Na ce, "Ni ma ban ce a ajiye shi ba. Cewa na yi mutanensa na tsaye a bakin titi a Challawa, suna zuba ido."

"Waɗanne mutane kuma? Dangi duk sun hallara."

Giɗaɗo yana da wata tsohuwar akori-kura. Bayan la'asar yakan loda tumatir da albasa na manoman rani ya kai kasuwa a birni, ya kwana can, da asuba ya dawo wayam. Da mai ya yi tsada, 'yan garinmu masu aikin dare a birni suka shiga uku. Masu gadi ne, da 'yan masana'anta, da jikata Khaulat mai karɓar haihuwa a asibiti. Albashin a hanya yake ƙarewa, wasu har sun fara ajiye aikin. Sai Giɗaɗo ya sa kafinta ya yi masa benci biyu. Ya ce motar da za ta je dole, ta dawo dole, me zai sa ta dawo da iska? Mutane sukan biyo bakin kanal a kan kekuna daga ƙauyuka, su jingine su a ƙofar gidansa, maza su hau baya wajen kwanduna, mata su shiga gaba.

Gari ya yi ta magana. Wai ma'aikaciyar asibiti a motar gwari, ai zubar da aji ne, gara a haɗa a saya mata ko ƙaramar mota ce. Na yi shekaru ina koyarwa, ban taɓa ganin inda aka rubuta cewa mutunci sai da mota taka ta kanka ba. Abin da na gani shi ne yarinya tana dawowa lafiya, tana ƙanshin albasa, tana dariya.

Mako guda ke nan ƙirji yana damun Giɗaɗo. Jiya ya sauke masu aikin daren, ya sauke kaya, ya kasa kwana a kasuwa, ya lallaɓo gida. Yau gari na wayewa Khaulat ta kira ni. "Kaka, Baba Giɗaɗo shiru. Bai taɓa makara ba." Na faɗa mata. Ta waya na ji salatin maza a bayanta.

Maikuɗi ya ce, "Su hau motar haya mana."

"Da safiyar nan? Kowa birni yake shiga, ba mai fitowa. Kafin mota ta cika a tasha an yi azahar."

Liman Dattijo yana zaune a kan tabarma yana jin mu. Ya yi gyaran murya. "Malama Saliha, gaggauta jana'iza shi ne abin da aka sani."

"Allah gafarta Malam, gaggawa aka ce, ba tsere ba. Bara da Sarkin Noma ya rasu, ba mun jira ɗansa ya sauka daga jirgi ba? Ko jiran ma sai mai jirgi?"

Wani a bayan liman ya yi dariya, ya maza ya mai da ita tari. Liman ya shafa gemu. "Wancan ɗansa ne na cikinsa."

"Waɗannan kuma shi yake kai su neman abinci, ya dawo da su. Ban san me uba yake yi da ya wuce haka ba."

Maikuɗi ya dubi motarsa mai sheƙi da ke gindin darbejiya. "Tawa mutum huɗu take ci, Malama. Sun fi goma."

Sai muryar Adama, matar marigayin, ta fito daga bayan labule, a dishe. "Maikuɗi, makullin akori-kurar na aljihun rigarsa ta jiya. Maganarsa ta ƙarshe kafin shahada, cewa ya yi in tashe shi da wuri, yara za su tsaya a titi."

Maikuɗi shi ne ya fi kowa matsa wa uban ya sayar da motar ya huta, kunya take ba shi a gaban abokai. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Liman ne ya sauƙaƙa masa. "Wanka da ɗinkin likkafani ma za su ci lokaci. Je ka, za mu jira."

Motar ta ƙi tashi. Ya murɗa, ta yi tari, ta mutu. Sai ga masu zaman makoki sun naɗe manyan riguna suna tura ta, wani tsoho yana cewa, "Saki kuloci, yaro! Haka ubanka yake mata!" A gangaren kanal ta kama.

Hantsi ya ɗaga sosai kafin su iso. Suka diddiro da kayan aiki a jikinsu, mai takalmin roba, mai hular gadi. Khaulat ta wuce ciki da fararen kayanta ta faɗa jikin Adama. Mazan suka yi alwala a tsaitsaye suka shiga sahu. Daga soro na hango an ɗauko makara. Ba su bar kowa ya daɗe da ita a kafaɗa ba, wannan ya karɓa, wannan ya karɓa, har suka sha kwanar gonar shinkafa.

Da aka dawo suka zauna a zaure karɓar gaisuwa tare da dangi, ba wanda ya ce su matsa. Na shiga gida na dama musu koko. Kafin in fito da shi, barci ya kwashe su a zazzaune, kan wannan a kafaɗar wancan, jar ƙasa a ƙafafun wandunansu. Maikuɗi yana tsakiyarsu, ya ƙi motsi don kada ya tashi mai gadin da ya jingina da shi. Na ajiye ƙwaryar a hankali, na rufe ta da faifai.