Fafnuti Ɗan Isha'aku

Tun cikin Rakia yana wata biyar mijinta Isha'aku ya riga ya raɗa wa yaron suna a ransa, kuma ba suna ne da wani ɗan Tahoua ya taɓa ɗauka ba: Fafnuti.

Sunan wani tsohon Barashe ne, makanikin injin kwalekwale a wani gareji kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda. Shi ya tsinci Isha'aku yana shara, ya damƙa masa sifana, ya shekara tara yana koya masa aiki yana yi masa faɗa. Tsohon ba shi da ɗa. Ranar da zai koma ƙasarsu, ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, ya ce da gurguwar Larabcinsa, "Ko a Rasha an daina sa wannan suna. In na mutu, halas, shi ke nan, ba mai sake faɗinsa."

Isha'aku ya yi rantsuwa da idanu cike da ƙwalla: in Allah ya ba shi namiji, sai an kira sunan safe da yamma. Bayan wata takwas labarin rasuwar tsohon ya iso.

Allah kuwa ya ba shi namijin. Ana saura kwana biyu suna, Malam Abdelkader, dattijon Chadi da ke raɗa wa 'ya'yan unguwarsu ta Sa'alaba a nan Jidda suna, ya ji abin da ake shirin sa shi ya faɗa, ya ajiye kofin shayi.

"Isha'aku, ɗana, sunaye sun ƙare ne? Ga Makka nan, tafiyar awa guda, kai kuma ka tafi Rasha neman suna?"

"Alkawari na yi, Malam."

"Tayyib. Bari mu ga ma'anarsa. In gunki ne, wallahi bakina ba zai faɗa ba."

Malam ya ɗora tabarau ya shiga latsa waya, fuskarsa ta nuna ya riga ya san abin da zai tarar. Ya karanta, ya goge tabarau, ya sake karantawa. Ashe sunan ma ba haifaffen Rasha ba ne. Daga Masar ya fito, can ƙetaren tekun da suke gani kullum, a tsohon harshen Kibɗawa, sai Girkawa suka ɗauka suka miƙa wa Rashawa. Ma'anarsa kuwa: na Allah.

"To wa ke ba na Allah ba?" in ji Malam, cikin haushin wanda aka ƙwace wa hujja. "Yalla, a yanka ragon."

Ranar suna Isha'aku ya fi kowa yawo a tsakar gida. Malam ya faɗi sunan sau ɗaya, a hankali, kamar mai taka ƙaya. Maza suka shafa fatiha. Can ciki mata suka yi guɗa, ko da yake rabinsu sun ce a maimaita musu, aka rasa mai maimaitawa.

Da rana ta yi sanyi baƙi suka watse. Isha'aku ya shiga ɗaki ya tarar da Zubaidatu, yayar Rakia, tana jijjiga jaririn tana cewa, "Abba, Abbana, yi shiru."

"Yaya, ai yana da suna."

Zubaidatu ta dube shi sama da ƙasa. "Kai da bakinka ka ce tsohon nan kamar ubanka ne. A garinku ana kama sunan uba gatsau? Ga shi ɗan fari. Rakia ta faɗi sunan ɗan fari, ta sa idonta ina?"

Rakia ta ja mayafi ta rufe fuska, alamar an gama magana.

Isha'aku ya ji haushi har wuya. Ya ci Malam da wayarsa, ya yanka rago mai ƙaho, yanzu mata biyu za su binne masa alkawari a cikin zani? To su bari, shi zai kira, safe da yamma, har makwabta su haddace.

Ya karɓi yaron. Ɗan mitsitsi ne, goshinsa a tamke, sai ka ce yanzu zai fara faɗa a kan an bar sifana a ƙasa. Isha'aku ya buɗe baki. Kunya ta kama shi tun daga ƙafa, irin wadda ke kama mutum gaban babba. Sai a lokacin ya tuna, shekara tara a garejin nan, ko sau ɗaya bai taɓa duban tsohon ya kira shi da sunansa ba.

Ya sunkuyar da kai.

"Baba," ya ce, "sannu da zuwa."