Bakin Famfon Feshi

Auta ta sake tura wa yayanta wayar, shi kuma ya sake ture hannunta.

"Yaya, ka duba mana. Ga shi nan ƙarara, sun ce maganin ciyawa na kawo ciwon daji."

"Jiya kuma kin nuna mini inda suka ce ba ya kawowa. Wayar nan taki ba ta da alƙibla, kowa ya tambaye ta sai ta faɗa masa abin da yake tsoro."

Suna zaune ne a kan benci a ƙofar ɗakin likita, suna jiran sakamakon gwaji. Wani ƙullutu ne ya fito wa Yaya a ƙasan muƙamuƙi ya ƙi tafiya, har sai da aka yanki ɗan nama aka kai a duba. Sana'arsa feshi. Tun yana saurayi yake goya famfo a baya, yana bin gonakin mutane yana kashe musu ciyawa. Maganin kuwa a shagon Auta yake saye, ɗan shagonta na kayan noma da ke bakin kasuwa.

Abin da ke cin ranta ke nan. Manoma ba sa iya sayen galan guda, don haka take tsiyaya musu a robobin ruwa, ba takarda ba rubutu. Duk wanda ya yi mata ƙorafi, sai ta ɗaga galan ta nuna masa tambari, ta ce, "Hukuma ta amince, kai wane ne?" Ita kanta ba ta taɓa karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan tambarin ba. Yanzu ga mutumin da ya goya ta, ya kai ta makaranta bayan rasuwar mahaifinsu, zaune da filasta a wuya. Tsoro take ji, tsoro mai tsanani, kada a ce da hannunta ta tsiyaya masa ajalinsa.

Shi kuwa gogan naka sai barkwanci yake. Ya tsokani tsohon da ke kusa da shi, ya yaba wa nas takalminta, ya ce in ya mutu a ba Auta famfon ta yi gado. Ba ta yi dariya ba. Matarsa ta gaya mata cewa tunda aka yi yankan nan bai yi barcin kirki ba, kuma ga idanunsa nan sun faɗa.

Aka kira su. Likitar mace ce mai gilashi, da alama ta gaji, amma ba ta ja musu rai ba.

"Malam, ba ciwon daji ba ne. Kaluluwa ce ta kumbura saboda ruɓaɓɓen haƙorin nan naka na ciki. Za a cire shi, ka sha magani, kumburin zai sauka."

Nan kam Yaya bai yi barkwanci ba. Sai ya ce, "Alhamdu lillahi," a hankali, yana kallon gwiwoyinsa. Auta ba ta san sa'ad da hawaye ya zubo mata ba. Ta share da gefen mayafi, amma ba ta tashi ba.

"Likita, don Allah ki cire ni daga duhu. Ni ce nake sayar masa da maganin. Yana kawo ciwon nan ko ba ya kawowa? Wa za mu yarda da shi?"

Likitar ta ajiye biro. "Gaskiya su kansu masanan bakinsu bai zo ɗaya ba. Wasu sun ce mai yiwuwa yana kawowa, musamman ga wanda ya daɗe yana aiki da shi. Hukumomi da yawa kuma sun ce in an bi ƙa'ida, haɗarin ba shi da yawa. In na ce miki na fi su sani, na yi ƙarya." Ta juya wajen Yaya. "Kai yaya kake aikin? Kana sa safar hannu? Takunkumi fa?"

"A zafin ranar nan? Ai sai mutum ya dahu, Likita."

"To, in bakin famfon ya toshe fa?"

Nan fa Yaya ya gyara zama, an zo fagensa. "Wannan ai mai sauƙi ne. Sai ka kwance shi, ka sa a baki, ka hura." Ya dunƙule hannu a kan leɓɓansa ya kumbura kumatu ya nuna mata. "In ya yi taurin kai ka ɗan zuƙa, ka tofar. Haka ubangidana ya koya mini, haka kowa ke yi."

Likitar ta cire gilashinta ta dube shi. Auta ta ji kunya ta rufe ta, don sau nawa ya yi hakan a ƙofar shagonta tana kallo, har ma tana miƙa masa ruwan kurkurar baki.

"Malam," in ji likitar, "hukumar da ta buga tambarin nan, da mai safa da takunkumi da dogon takalmi take magana. Ba na jin akwai wanda ya yi lissafi da mutumin da ke tsotsar famfo. Ko waɗanda suka ce ba komai, ba su ce ka sha ba."

Yaya ya yi dariya, wannan karon ta gaske. "To da me zan buɗe shi?"

"Tsohon buroshin haƙori da ruwa. Ga dukkan alamu naka bai sha wahala ba."

A motar komawa gida suka samu kujerar baya, kusa da taga. Da suka fita daga cunkoson bakin asibiti, Auta ta ce, "Daga yau na daina tsiyaya a robar ruwa. Zan nemo ƙananan kwalabe na kamfani masu takarda. Wanda ba ya karatu in karanta masa. Kai kuma ba safa, ba magani."

"Za su gudu shagon maƙwabcinki."

"Su gudu. Wasu za su dawo."

"Ni ma sai kin karanta mini? Ni da na biya miki kuɗin makaranta?"

"Ai shi ya sa. Ka ga ranar cin ribarka ta zo."

Ya yi murmushi, ya ce zai yi tunani. Ta san halinsa, in ya ce zai yi tunani to ya yarda, girman kai ne kawai na babban wa. Ta ci gaba da lissafa masa abin da za ta sayo, da inda za ta rataye safar don kowa ya gani. Ba ta ji ya amsa ba. Sai ta ji nauyi a kafaɗarta. Yaya ya yi barci, baki a buɗe, har da ɗan minshari.

Motar ta iso mararrabar unguwarsu, kwandasta ya buga ƙofa yana tambayar masu sauka. Auta ta ɗora yatsa a leɓenta, ta yi masa alama da hannu su wuce.