Motar da Ba Ta Wuce Ɗan Tsere

Tseren keke na ƙasa kwana shida ake yin sa, zango shida. Da safe 'yan tsere su sa hannu a takarda a sake su, da yamma a tara wa kowa lokacinsa a kan na jiya. Wanda lokacinsa ya fi ƙanƙanta shi ke sa jar riga. Iyakar abin da jama'a suka sani ke nan, domin idon mutane a kan na gaba yake.

A can ƙarshe akwai mota guda da tsintsiya ɗaure a samanta, aikinta kwashe waɗanda suka gaza. Direba ya sauka, ya ɓalle lambar da aka maƙala wa mutum a baya da fil huɗu, ya ɗora kekensa, shi ke nan ya fita tsere. Dokarta ɗaya ce: ba ta wuce ɗan tsere muddin yana kan sirdi, domin da ta wuce ake buɗe hanya manyan motoci su kwararo.

Direbanta ya daɗe har sunansa ya ɓace, sai Tsintsiya. Ya fara tun tseren yana zango uku, lokacin da ake ɗinke lamba da zare. Alƙalin tseren da ke zama gefensa da takardar sunaye ƙanin matarsa ne, mutum mai gajen haƙuri.

Ranar zango na huɗu, rana tsaka, suka sha kwana suka tarar da ɗan tsere shi kaɗai yana tafiyar hawainiya. Tsintsiya ya rage gudu ya bi bayansa.

"Wannan ko kakata ta fi shi sauri," in ji Alƙali. "Mijin Yaya, matsa masa ƙaho ya sauka."

"Kakarka ta sa hannu da safe? Duba lambarsa."

Lamba tara ce a bayan mutumin. Alƙali ya bi takarda da yatsa sau biyu. "Babu tara. An daina ba da tara tun ban fara aiki ba."

Tsintsiya ya matsa kusa. Rigar mai kauri ce, irin wadda aka daina sawa, kuma a wannan zafin babu ɗigon gumi a jikinta. Sarƙar keken na juyawa, ba ta ƙara. Lambar ba fil ko ɗaya, ɗinki ne da baƙin zare.

Oba-oba, rediyon da ke cikin motar, ta yi magana daga wurin gamawa: sittin da biyar suka tashi, sittin da ɗaya sun iso, uku sun fita. Saura mai lamba arba'in da bakwai.

"To ba wannan ba ne," in ji Alƙali. "Wuce shi. Ba ka jin direbobi a baya suna zagin iyayenmu?"

"Yana kan sirdi."

"Ba ya cikin takarda!"

"Ni takarda nake tuƙawa?"

Suka bi shi kilomita biyu. A bakin wata ƙaramar gada ya tsaya, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, bai waiwayo ba. Tsintsiya ya sauka, ya leƙa ƙarƙashin gadar. Ga mai lamba arba'in da bakwai kwance cikin duwatsu, kai a fashe, yana numfashi da ƙyar. Da an buɗe hanya, babu wanda zai tsaya a nan sai ungulu.

Suka ɗauko shi su biyu, suka kwantar a kujerar baya. Asibiti na gaba, tafiyar minti goma ga mai gudu. Tsintsiya ya tayar da mota.

Mai lamba tara ya mayar da ƙafarsa kan feda, ya hau tsakiyar hanya, ya ci gaba da tafiyarsa ta hawainiya.

Tsintsiya ya bi shi ɗan taƙi. Shekara ashirin da biyu bai taɓa wuce kowa ba. A baya numfashin mutumin ya soma sarƙewa.

"Bawan Allah, ka gafarce ni," ya ce a hankali. Ya juya ga Alƙali. "Sunkuyar da kanka. Kada ka duba."

Ya taka mota ya ratsa ta gefensa, idonsa a kan kwalta. Alƙali kuwa, da yake ba ya jin magana, ya duba ta taga.

Arba'in da bakwai ya rayu, likita ya ce da an ƙara minti biyar da sai gawa. Alƙali ya miƙa takardarsa a wurin gamawa, ya tafi gida a ƙasa, bai sake shiga motar ba. Yayarsa ta tambaye shi abin da ya gani ta taga, matarsa ta tambaye shi, ya ce su bar maganar. Tsintsiya bai taɓa tambayarsa ba.