Kwamfutar Hassana Ta Kwana a Kalgo

Duk matar Gwandu da ke son hoto ba mayafi, ɗakin Hassana take zuwa. Ɗakin yana can ƙuryar gidansu, bayan rumbun Inna mahaifiyarta, kuma namiji ko na goye ne sai an yi shawara kafin a wuce da shi. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida take wannan sana'a. Amare su zo da lallensu, masu jego su zo da sabon kitso, a ɗauka, a gyara a kwamfuta, a buga a firinta, a miƙa wa mai shi hannu da hannu. Alkawarinta ga kowace mace guda ne: daga idonta sai idon wanda mai hoton ta ga dama ta nuna wa.

Kwamfutar kuwa yayanta Ismail ne ya ba ta. Yana da shagon gyaran kwamfuta da buga takardu a Kalgo, kuma tun ranar da ya ba ta bai taɓa barinta ta manta cewa daga hannunsa ta fito ba. Duk zuwan da zai yi gaida Inna sai ya tayar da maganar. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ta tsufa, in ji shi, masu ita sun daina kula da ita, ɓarayin intanet na iya shigowa duk lokacin da ta jona da wayarta.

"Yaya, aikina take yi mini," Hassana takan ce. "Ka bar ta."

"Ke dai ba ki san mi kike riƙe da shi ba. Taurin kai ne kawai irin naki."

Wata Laraba ta tafi suna garin Malisa da kamararta, ta kwana biyu. Da ta dawo ta tarar da kwamfutar a kan tebur, an goge ta tas, an naɗe igiyarta wani irin naɗi da ba nata ba. Inna ta ce Ismail ya zo ya tafi da ita Kalgo, ya dawo da ita jiya, ya ce ya mayar da ita sabuwa.

Sabuwar ce kuwa, har Hassana ta kasa gane ta. Komai ya sauya wuri. Manhajar gyaran hoto ta buɗe ta rufe kanta. Firinta ta ƙi ko motsi, ga matan Malisa suna jiran hotunan suna. Ta kira shi tana huci.

"Wa ya ba ka izini?"

"Izini? A kan abin da na saya?" Yana magana yana taunar wani abu. "Firintarki ce ta tsufa, ba ta tafiya da sabon tsari. In na samu lokaci zan duba. Maimakon ki gode."

Ta kashe wayar ba sallama. A tunaninta iyakar ɓarnar ke nan.

Bayan kwanaki, da hantsi, Mufida ta faɗo gidan ko gaida Inna ba ta tsaya yi ba. Mufida 'yar unguwarsu ce da ke aure a Dangoma, ta zo gida wankan jego. Watan da ya wuce Hassana ta ɗauke ta hotuna da rigar da ba hannu, gashi a sake, don ta aika wa mijinta da ke aiki a kudu.

"Anti Hassana, mi na yi miki?" Jaririn na tsala kuka a bayanta. "Mi na yi miki da za ki kai ni kasuwa?"

"Wace kasuwa? Zauna ki yi mini bayani."

"Ba zan zauna ba! Yaya Sambo, wan mijina, ya je buga takarda shagon yayanki a Kalgo. Yana zaune kan benci sai ga ni a fuskar babbar kwamfuta, ina wucewa, wata na biyo ni. Ɗalibai na zaune suna kallo! Ya kira ƙanensa ya faɗa mishi. Tun jiya maigidana bai ɗaga wayata ba. Uwarsa ta aiko wai a tambaye ni ko tallan kaina na koma yi."

Hassana ta buɗe baki za ta rantse, Mufida ta ɗaga mata hannu.

"Kar ki rantse mini. Ke kika ce ba mai gani. Allah ya isa tsakanina da ke."

Ta juya ta fice. Inna na tsaye bakin madafi da ludayi a hannu tana kallo.

Hassana ta cusa kwamfutar a jaka, ta zura hijabi. A mota har Birnin Kebbi, da wadda ta canja zuwa Kalgo, ba abin da take yi sai lissafa fuskoki. Matar liman. 'Yar gidan hakimi da aka ɗauka ana gobe ɗaurin aurenta. Malamar asibiti mai ciki wata takwas da ta ce ko uwarta kar ta gani.

Shagon cike yake da ɗalibai masu jiran takardunsu. Babbar kwamfutar tana bisa kantar shagon, fuskarta na kallon benci. Ismail ya ɗago daga cikin wata na'ura da ya kwance, ya ga fuskar ƙanwarsa, ya ɓata rai.

"In maganar firinta ce na ce miki sai na samu lokaci."

"Ka sallami mutanen nan."

"Shagona ne, Hassana. Ba ɗakinki ba."

"To su zauna su ji. Hotunan matan mutane mi suke yi a cikin wagga kwamfuta?"

Wani ɗalibi ya sunkuyar da kai, wani ya tattara takardunsa ya sulale, kuma wannan sunkuyawar ce ta tabbatar mata. Ismail ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce hauka take yi, shi bai kwafi komai ba. Ta ce ya buɗe. Ya ce ba zai buɗe ba. Ta ce to za ta tsaya bakin titi ta faɗa wa duk mai wucewa. Sai da ya ga ta nufi ƙofa sannan ya kori sauran, ya jawo ƙofar, ya zauna yana danne-danne da ƙarfi kamar madannan ne suka yi masa laifi.

Sai ga su. Layi bayan layi, shekarun aikinta kaf, kowace da sunanta a ƙasa yadda Hassana ta rubuta.

Hannun Ismail ya tsaya cak. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka. Sabon tsarin, in ji shi, ba ya ƙarasa hawa sai an sa masa adireshin imel. Ita ba ta nan, shi kuma yana sauri, sai ya sa nasa. Akwai wani wuri da ya tambaya ko a adana hotuna a ma'ajiyar intanet, ya danna eh bai karanta ba. Kwamfutar ta kwana jone a shagon, ta kwashe komai ta tura. Ita kuma ta shagon, da yake imel ɗinsu ɗaya, in an bar ta ba a taɓa ba sai ta riƙa nuna hotunan da ke ma'ajiyar.

"Ni baya nake ba ta in ina aiki," ya ce. "Wallahi ban gani ba."

"Kai ba ka gani ba. Kalgo ta gani."

"Kuskure ne! Kuma da kin bari mun yi shi tare tun farko, da imel ɗinki za a sa. Ke kika ja. Shekara nawa ina binki?"

"Au, ni na ja?" Ta matso har sai da ya ja kujerarsa baya. "Ka shiga ɗakina ba na nan, ka ɗauki amanar mutane, ka kawo ta nan ka baje, sannan ni na ja? Tun muna yara haka kake. Abin da duk ka ba mutum, sai ka bi shi da igiya. Goge su. Yanzu, ina kallo."

Ya ja tsaki, ya ce ta kawo tata tukuna. Ya buɗe, ya duba, ya dafe goshi. Sabon tsarin ya ga wuri ya yi mata kaɗan, sai ya bar yawancin hotunan a ma'ajiyar kawai. Abin da take gani a tata inuwarsu ce. In ya goge can, sun tafi ke nan gaba ɗaya.

"Ki bar mini ita zuwa gobe," ya ce. "In sauko da su duka, in raba ta da imel ɗina, sannan in goge. Intanet ɗin ba ƙarfi, ba zai ƙare yau ba."

Hassana ta san gaskiya ya faɗa. Ta kuma san abin da ke ciki: bukukuwa, jarirai da yanzu sun shiga makaranta, hotunan da matan ke dawowa a sake buga musu in na hannunsu ya lalace. Ta dubi ƙofar shagon, inda inuwar ɗalibai ke kai da kawowa ta ƙasanta. Ta dubi yayanta.

"Ba za su ƙara kwana a hannunka ba. Goge."

"Ke mahaukaciya ce? Aikinki ne na shekaru!"

"Nawa ne. Goge."

Ya goge. Ta sa ya buɗe inda gogaggun abubuwa ke taruwa, ya share nan ma. Ta karɓi wayarsa ta duba da kanta, yana tsaye yana huci. Da ta gama ta ce ya tashi su je Dangoma ya yi wa Sambo bayani da bakinsa.

"In je in durƙusa wa wani ƙato a kan abin da na'ura ta yi? Ba inda za ni. Kuma ki ajiye mini kwamfutata tunda abin ya zama rashin kunya."

Ta ciro katin kamararta daga jikin kwamfutar, ta tura masa ita bisa kantar har ta bugi gwiwar hannunsa, ta fita da jaka ba komai.

Ita kaɗai ta hau babur zuwa Dangoma. Sambo ya saurare ta a ƙofar gida, tsaye, bai sa an shimfiɗa mata tabarma ba. Da ta gama ya ce ya ji, zai faɗa wa ƙanensa, amma matan gidansu sun gama zuwa ɗaukar hoto. Daga baya Mufida ta koma ɗakinta. Ko a biki suka haɗu da Hassana, sai ta kau da kai.

Inna ta so a rufe maganar, ta ce tunda an goge, tonawa ba ta da amfani. Hassana ta ƙi. Ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya tana faɗa wa kowace mace abin da ya faru, don kar ta ji a bakin wani. Wasu suka zage ta. Wata ta rufe mata ƙofa. Matar liman ta tambaye ta kwana nawa hoton ya yi a shagon, Hassana ta ce ba ta sani ba.

Gidan Hajiya Ummukulthum, wata dattijuwa da ita ma hotonta ke ciki, ta bari a ƙarshe. Tsohuwar ta saurare ta tana jan carbi, ba ta nuna ko a jikinta ba.

"Ni mi za a kalla a jikina, ɗiyata? Bar wannan. Dama ina son in aiko miki. Hoton Bintata da kika ɗauka kafin ta kwanta ciwon da ya tafi da ita, ruwan damina ya shiga akwatin ya ɓata shi. Shi ke nan gare ni. Ki sake buga mini, babba, in rataye."

Hassana ta kasa haɗa ido da ita. Ta faɗa mata a hankali cewa babu shi, da yadda aka yi babu shi, da cewa ita ce ta ce a goge.

Carbin ya tsaya. Hajiya ta ɗago ta dube ta.

"Da kika yanke wanga hukunci, kin tambaye ni?"

"A'a, Hajiya."

"To tashi ki tafi. Ki ja mini ƙofar."