Notin da Yaya Ya Manna da Gam

Sati uku motata tana ɗigar da baƙin mai. Duk safiya idan na ja ta baya sai in tarar da tabo a simintin tsakar gida, faɗin tafin hannu. Na kai wa bakanikena, wani dattijo da ake kira Mai Gilashi, ya duba ya ce gaskit ɗin murfin saman inji ne ya tsufa, wato robar da ke hana mai tsiyayowa ta bakin murfin. Ya ce in sayo sabo in kawo ranar Asabar, aikin awa ɗaya ne.

Na sayo. Amma ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ranar Asabar ɗin aka sa ni aiki a madadin wata. Yayana ya zo gaida Inna, ya ga kwalin gaskit a kan tebur, ya juya shi a hannu.

"Wannan ɗan abin za ki kai gareji? Bar mini makulli kawai."

Yaya malamin makaranta ne, amma tunda ya taɓa gyara fankar ɗakinsa ya ɗauki kansa injiniya. Na so in hana. Inna ta ce, "Yayanki ne fa, bar shi ya taimaka." Na bar masa makullin ajiya. Da yamma ya kira ni ya ce an gama, har ya wanke mini injin.

Ranar Litinin ce ranar ganin likitan idon Inna. Wata biyu muka yi muna jiran ranar nan, ga idonta na hagu ya kusa rufewa. Mun fito da wuri, muka shiga cunkoso a kan gada. Nan na fara jin ƙaurin mai. Kafin in yi wani tunani hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet, har ya shigo cikin mota. Inna ta fara tari.

Na kashe mota a tsakiyar hanya. Inna ba ta iya taka ƙafa sosai, gwiwoyinta sun daɗe da gajiya. Haka na rungumo ta na fito da ita, motoci na ta danna mana ham, wani direban bas yana leƙowa yana zagina. Na zaunar da ita a bakin titi a kan jakata. Tana ta ce mini, "Wuta ce? Wuta ce ta kama?" domin ba ta gani sosai.

Kafin a jawo motar zuwa gareji, lokacin likita ya wuce. Na kira asibitin idon, suka ce sai bayan sati biyar.

Mai Gilashi ya ba Inna kujerarsa a inuwa, ya buɗe bonet, ya duba injin. Sannan ya ce, "'Yata, zo ki gani da idonki, kada a ce na ce."

Bakin murfin duka an lafta masa jan gam, kamar yaro ya yi wasa da taɓo. Mai ya bi gefen inji ya zuba a kan bututun salansa mai zafi, shi ne hayaƙin. Ya ɗora sifana a kan wani noti na kusurwa. Bai ma murɗa ba, kan notin ya faɗo masa a tafin hannu.

"An ɗaure shi da ƙarfi har ya karye," in ji shi. "Sauran yana ciki. Kan kuma an manna shi da gam don kada a gane."

Da ya ɗaga murfin, tsohon gaskit ne a ciki, ya bushe ya tsattsage gida uku.

Na kira Yaya. Ban gaishe shi ba. Na ce ya zo gareji yanzu, Inna na nan.

Ya iso yana share gumi, ya fara da, "Ai waɗannan motocin na yanzu..." Na miƙa masa kan notin.

"Mene ne wannan, Yaya?"

Ya kalle shi, ya kalli Mai Gilashi. "Noti ne."

"Na san noti ne. Wa ya manna shi? Ina sabon gaskit ɗin?"

"Bai shiga ba. Na ja shi sai ya yage. Na mayar da tsohon, na ce gam zai riƙe kafin in samo wani."

"Ka ce mini an gama."

"To ai kusan an gama ne."

Na ce, "Kana iya lalata abu, wannan kowa na yi. Amma ka san ranar Litinin Inna za ta shiga motar nan. A gabanka na faɗa. Kalma ɗaya za ka yi mini, in nemi tasi. Ka gwammace uwarka ta shaƙi hayaƙi a kan gada da a ce ba ka iya ba."

"Ke, ni kike ɗaga wa murya a gaban mutane? Ni sa'anki ne?"

"Ba sa'ana ba ne kai. Shi ya sa abin ya fi ci mini rai."

Ya juya wajen Inna, yana jiran ta tsawata mini kamar yadda ta saba tun muna yara. Inna ta gyara mayafinta.

"Babba," ta ce, don haka take kiransa, "ni na sa ta ba ka makullin. Yau a bakin titi na zauna kamar kayan da aka yar. Kada ka kalle ni."

Mai Gilashi ya buɗe akwatin kayan aikinsa. Ya ɗauko wata 'yar wuƙar kankarewa ya miƙa wa Yaya. "Malam, gam ɗin nan sai an kankare shi tas kafin sabo ya zauna. Kada ko ɓurɓushi ya faɗa cikin inji. Ni zan ji da karyayyen notin."

Yaya ya tsaya kamar zai ƙi, sai ya naɗe hannun farar rigarsa. Awa biyu ya yi a sunkuye cikin rana. Mai Gilashi ya huda guntun notin da na'ura ya zaro shi, ya goge bakin injin da tsumma da fetur, ya aika aka sayo wani sabon gaskit, ya zaunar da shi a ramin murfi. Gam ɗigo huɗu kawai ya sa, a kusurwoyi. Ya ɗaure notunan daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, yana zagayawa. Ya cika mai, ya tada mota, muka tsaya minti ashirin muna kallo. Ko danshi babu.

Yaya ya matso, rigarsa duk baƙin mai. "Shike nan ai, an gyara."

"Ba ni makullina," na ce.

Ya zaro shi daga aljihu ya ba ni. Ya buɗe ƙofar baya zai shiga, na ce masa hanyarmu ba ɗaya ba ce. Inna ba ta ce in ɗauke shi ba.

Kwana tara ban amsa wayarsa ba. A na goma ya zo gida da takarda a hannu. Ashe kullum bayan an tashi makaranta yana zuwa asibitin idon yana zama, har wani ya fasa zuwa aka ba Inna gurbinsa ranar Alhamis. Na karɓi takardar na karanta sau biyu. Na ce masa ƙarfe bakwai za mu fita, idan ya makara ba zan jira shi ba.