Kwana Ukun Salahu

Salahu ya sauka Lome da buhun kanwa biyu, shekarar da Faransawa suka karɓi garin. Aka tambaye shi garinsu, ya ce Zariya, aka kama hannunsa sai gidan Malam Abdulwahidu. A Zongo haka ake yi: baƙo gidan ɗan garinsu ake kai shi, maigida kuwa ba ya cewa babu wuri. Malam ya tambaye shi kwana nawa zai yi.

"Uku, Allah gafarta Malam."

Shekara goma sha shida ke nan da wannan magana, kwana ukun ba su cika ba. A ɗakin nan ya yi aure, a nan aka raɗa wa 'ya'yansa biyu suna. Abin haushi, duk gidan babu mai ƙorafi kan baƙi kamar Salahu. In ya tarar da layi a bakin rijiya sai ya yi tsaki. In ya ga takalman fatake zube a zaure sai ya ce wa matarsa Haulatu, "Mutane dai ba su da kunya. Su zo gidan mutum su tare!"

Haulatu kuwa ba wannan ne a gabanta ba. Ita damuwarta murhu. Su shida suke girki a kan guda, sai mace ta sauke wata ta ɗora, ranar da aka yi rashin sa'a kuwa tuwon rana sai la'asar. Tun tana amarya Salahu ya yi mata alkawarin murhun da ba wadda za ta tsaya mata a kai tana cewa ta yi sauri. Ba ta taɓa roƙonsa zane ko awarwaro ba. Wannan ɗin kaɗai take tuna masa, shi ma sai shekara-shekara.

Da kanwa ta yi albarka a Asigame, babbar kasuwa, Salahu ya kira Buraima dillali ya ce gida yake so. Buraima ya kai shi wani kusa da layin dogo, jirgi ya wuce, garu ya yi rawa, Salahu ya ce a'a. Ya kai shi wani wajen bakin tafki, sauro ya tarye su tun rana tsaka. Na uku ɗan ƙarami ne a ƙarshen wani lungu, ɗaki biyu da rijiya da bishiyar lemo. Ranar nan tare da Haulatu aka je. Ta tsaya a wata kusurwa inda iska ba ta bugowa, ta auna da ƙafa inda za ta kafa duwatsunta uku.

"Malam, wannan ya ishe mu," ta ce a hankali.

"Ina zauren?" in ji Salahu. "In mutane sun zo gaishe ni, a kan lemon zan zaunar da su?"

Wa ke zuwa gaishe shi? Babu. Amma shekara goma sha shida yana kallon yadda ake tuɓe takalmi a durƙusa wa Malam Abdulwahidu, abin ya zauna masa a rai.

Buraima ya gane irin mutumin da ya samu, sai ya kai shi gidan wata 'yar kasuwa 'yar ƙabilar Mina da za ta koma garinsu Anaho. Ɗaki biyar, rufin kwano, zaure kuwa sai ka ce masallacin unguwa. Salahu ya yi sallama a cikinsa don ya ji amon muryarsa, ya ji, ya sake yi. Ko tayi bai tsaya yi sosai ba. Aka je ofishin Nasara, akawu ya buga hatimi a takarda, ya kira shi da kiran girma na Faransawa, "Mushe Salahu." Ya dawo Zongo yana tafiya kamar an ɗora masa ƙwai a ka.

Abu ɗaya ya tsaya masa, yadda zai gaya wa Malam. Ya ɗauka tsohon zai ji zafi. Ya durƙusa yana ta kwana-kwana, da ƙyar ya fito da maganar.

"Ɗaki nawa?" Malam ya tambaya.

"Biyar, ban da zaure."

"Biyar! Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi!" Har hawaye ya taru a idon tsohon. Ya ba da aron amalanke, ya ba da tabarmi goma sha biyu kyauta, ya ce ragon walima ma a bar masa. Salahu ya tashi yana cewa a ransa ashe haka tsohon nan yake ƙaunarsa. Bai tambayi kansa me mutum huɗu za su yi da tabarma goma sha biyu ba.

Ranar walima zaure ya cika, har Sarkin Zongo ya zo. Malam ya yi addu'a mai tsawo, aka shafa. Sannan ya gyara murya.

"Jama'a ku shaida. Shekara talatin Zazzagawa gida ɗaya gare su a Lome, ni kuwa ƙafa ta gaji. Yau Allah Ya ba mu maigida sabo, yaro mai jini a jika. Salahu, ga amanar mutanen garinmu."

Aka yi kabbara. Sarkin Zongo ya miƙa masa hannu ya ce, "Maigida." Daɗi ya rufe Salahu har bai ji sauran maganar ba.

Kwana biyu Haulatu ta yi girki ita kaɗai. Ta ɗora tukunya lokacin da ta ga dama, ta bar wuta tana ci ba komai a kai, don kawai ta ga ba mai magana. Salahu ya ji tana waƙa, abin da rabonsa da ji tun shekarar aurensu.

Rana ta uku jirgin ƙasa daga Atakpame ya iso da masu goro huɗu. Aka kawo su, suka tuɓe takalmi, suka durƙusa. Salahu ya ba su ɗakin gabas, ya leƙa cikin gida ya ce a ƙara tuwo. Mako ya zagayo, ga wani mai sayar da layu da matarsa. Bayansa mahauci da mata da surukuwa. Sai wani dattijo da ya ce yana kan hanyar Makka, ko da yake duk wanda ya san gabas ya san ba ta Lome ake bi ba. Kowa aka tambaya sai ya ce kwana uku. Kafin azumi tabarmin Malam sun ƙare, Salahu ya sayo ƙari.

Matan baƙi kuwa dole su yi girki, murhu kuma ɗaya ne. Haulatu ta ƙirga wata safiya, su bakwai. Ga tuwon fatake a kanta, don abincin baƙo na uwargida ne. Matar mahauci ta tsaya mata a kai riƙe da tukunya ta ce, "Yaya, ki ɗan yi sauri mana." Haulatu ta dube ta, ta sauke miyar da ba ta nuna ba, ta shige ɗaki.

Salahu bai san an yi ba, yana zaure ana gaishe shi. Sai da la'asar ta yi babu tuwo, baƙi suka fara hamma suna kallonsa, ya shiga ya tarar ba Haulatu, ba yara, ba tukunyarta ta ƙarfe. A duk Lome gida ɗaya ta sani, can ya nufa, yana shirya yadda zai roƙi Malam ya karɓi ko rabin baƙin.

Zauren Malam fes, takalmi ƙafa ɗaya tal a bakin ƙofa. Tsohon yana kishingiɗe yana jan carbi, har ya yi ƙiba.

"A'a, maigida! Yaya jama'a?"

"Allah gafarta Malam, jama'a sun yi yawa. Na ce ko za a..."

"Yawan baƙi albarka ne, Salahu. Ni na sha tawa, ba zan yi maka hassada ba."

Ƙamshin daddawa ya taso daga ciki. Salahu ya leƙa. Ga Haulatu zaune gaban tsohon murhun nan na mata shida, ita kaɗai, ta miƙe ƙafa, wuta tana ci a natse. Ƙofar tsohon ɗakinsu a buɗe, an share, yara suna wasa a ciki.

"Haulatu, mene ne haka? Ki tashi mu tafi gida."

"Ni ma baƙuwa ce, Malam. Na yi sallama, Baba ya ce akwai wuri."

Ya juya wajen tsohon. Malam ya buɗe hannu ya ce, "Bazazzagiya ce. Ka taɓa jin an ce da ɗan gari babu wuri?"

Kunya da baƙin ciki suka kama Salahu, don ya san abu ɗaya ta taɓa roƙonsa, ya kuwa musanya shi da zaure. Ya sassauta murya.

"To, yaushe za ki dawo?"

Haulatu ta juya miya, ta ɗanɗana, ta ƙara gishiri.

"Kwana uku zan yi, in Allah Ya yarda."

Salahu ya tsaya riƙe da takalminsa a hannu. Duk Zongo babu wanda ya fi shi sanin tsawon kwana uku a gidan nan.